Babi Na Shida: Nisan Makaranta Da Kuɗin Gida

A babin da ya gabata mun yi bayani a kan takardu da shaidu, da yadda dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamnanta, da kuma dalilin da ya sa har gobe mai hankali ba ya miƙa kuɗin fili a ƙasar Daura sai da sanin mai unguwa ko dagaci. Yanzu kuma za mu juya ga wata mas'ala wadda ba a rubuta ta a takardar ciniki, dillali ba ya ambatonta, shaidu ba sa sa hannu a kanta, alhali kuwa ita ce za ta riƙa tashin magidanci da asuba shekara da shekaru bayan an manta nawa aka sayi gidan. Wannan mas'ala ita ce: ina yaran gidan nan za su yi karatu, kuma da wace ƙafa za su isa can?

Ma'abota fiƙihu sun yi wa mai saye gata mai yawa, domin sun ba shi damar mayar da haja idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa lokacin ƙulla ciniki, kamar bangon da ya tsage aka shafe shi da siminti, ko rufin da yake yoyo aka sayar da gidan da rani. Amma nisan makaranta ba ya cikin aibobin da alƙali zai warware ciniki saboda su, tun da ba wanda ya ɓoye shi; a fili yake ga duk wanda ya so ya taka ya gani. Saboda haka nauyin binciken kacokan a wuyan mai saye yake, kuma idan ya yi sakaci, waɗanda za su ɗanɗana kuɗarsa su ne waɗanda ba a shawarce su ba, wato yara ƙanana da uwayensu mata.

Yana da kyau mai karatu ya san cewa a wasu ƙasashen duniya wannan mas'ala ta zama doka mai iyaka kamar iyakar gona. A Amurka hukumar ilimi ta kowace gunduma takan zana taswira, ta ce 'ya'yan gidajen da ke wannan gefen titi wannan firamare za su shiga, na wancan gefen kuma waccan, kuma da yake wani babban kaso na kuɗin tafiyar da makarantun daga harajin gidajen yankin yake fitowa, sai unguwar mawadata ta samu makaranta mai wadata, unguwar talakawa kuwa ta samu gwargwadon ƙarfinta. An kai ƙarar wannan tsari har kotun ƙolin ƙasar, amma a 1973 ta yanke hukuncin cewa bai saɓa wa tsarin mulkinsu ba. A 1999 wata masaniyar tattalin arziki mai suna Sandra Black ta kwatanta gidajen da ke dab da juna a jihar Masacusets, waɗanda iyakar makaranta kawai ta raba, ta gano cewa inda sakamakon jarrabawar yara ya ɗara da kashi 5 cikin 100, iyaye sukan yarda su ƙara kimanin kashi 2.5 cikin 100 a kan kuɗin gida. Har ta kai a 2011 an tsare wata uwa a kurkuku na 'yan kwanaki a jihar Ohayo, saboda ta rubuta adireshin mahaifinta domin 'ya'yanta su samu shiga makarantar da ta fi ta unguwarsu. A birnin Bejin na ƙasar Sin kuwa, an sha sayen ɗan tsukukun ɗaki da kuɗin da zai gina katafaren gida a wani wuri, ba don a kwana a ciki ba, sai don sunan yaro ya shiga rajistar unguwar. Mutanen Sin ɗin ma tun zamanin da suna da hikayar mahaifiyar wani babban malaminsu, Mengzi, wadda ta yi ta ƙaura da ɗanta, daga kusa da maƙabarta zuwa kusa da kasuwa, ba ta natsu ba sai da ta samu gida a maƙwabtan makaranta.

To, a Daura babu irin wannan taswira, kuma wannan ni'ima ce da ya kamata a gode wa Allah a kanta. Yaron da ya kwana a Tudun Wada ba wanda zai kore shi daga firamaren da ke cikin gari don ya tsallako unguwa, haka nan ɗan Kusugu ko Sarkin Yara yana iya zuwa ta Sabon Gari muddin hedimasta yana da gurbi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta biyo bayan shirin da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, ba ta kuwa ɗaure shi da adireshin ubansa ba. Kuɗin makarantun ma ba daga harajin gidajen unguwa yake fitowa ba. Hukumar ilimin firamare ta jiha da ke Katsina da ofishin ilimi na kowace ƙaramar hukuma su ke ɗaukar malamai da rarraba su, gwamnatin tarayya kuma tana ba da tallafin gine-gine idan jiha ta ajiye nata kason.

Sai dai duk wanda ya zauna da iyali ya san cewa rashin iyaka a takarda bai hana iyaka a ƙasa ba. Wadda hukuma ba ta zana ba, ƙafar yaro ɗan shekara shida ta zana ta, da zafin bazara wanda a wannan yanki namu na kan iyaka yakan haura digiri 40 a watan Afrilu daidai lokacin da ake tashi daga makaranta, da ƙurar hunturu da sanyin safiyarta, da kwatamin da yake cika ya tumbatsa a watan Agusta, da kuma, fiye da komai, kwalta. Daura mahaɗar hanyoyi ce: ga wadda ta nufi Kazaure da Kano, ga ta Mashi da Katsina, ga ta Zango da Ɓaure, ga kuma ta Mai'aduwa da Kwangwalam wadda take wucewa zuwa Damagaram, kuma duk ranar da kasuwar Mai'aduwa take ci, manyan motocin dabbobi ba sa yankewa. Gidan da ke nesa da makaranta da tafiyar minti goma, amma sai yaro ya tsallaka ɗaya daga cikin waɗannan tituna, a hisabin uwa ya fi nisa a kan gidan da ke da tafiyar minti ashirin ta cikin lunguna inda kowace ƙofa akwai wanda ya san ɗan wane ne. Wannan hisabi nata shi ne daidai, kuma ina ganin wajibi ne magidanci ya tafi da ita, ko ya aika wadda ta amince da ita, ta bi hanyar da ƙafa kafin a biya kuɗi, domin idon da yake raino yana ganin rijiyar da ba a rufe ba da kangon da 'yan shaye-shaye suke taruwa, abubuwan da idon mai lissafin bulo yakan tsallake.

Tarihin garin kansa ya nuna yadda al'amarin ya sauya. A zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, makarantun elementare na En'e kaɗan ne, kuma ba iyaye ke neman su ba, su ke neman yara, har akan ɗora wa hakimai da dagatai alhakin kawo adadin da ake bukata. A wancan lokaci yaro ne ke bin makaranta duk inda take, gida yana nan inda kakanni suka kafa shi. Marigayi Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a Daura a 1942, ya yi firamare tsakanin Daura da Mai'aduwa, sa'an nan ya tafi Midil a Katsina a 1953, kuma irin wannan tafiya ita ce ƙaddarar kusan duk ɗan ƙasar Daura da ya yi boko a zamaninsa: a ba da shi riƙo ga wani ɗan'uwa, ko a kai shi makarantar kwana, ya riƙa ganin gida sai da hutu. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa a 1976, a zamanin Sarki Muhammadu Bashar, sai azuzuwa suka bazu cikin unguwanni da ƙauyuka, makaranta ta matso kusa da yaro, ko da yake gaggawar da aka yi ta sa malamai ƙwararru ba su wadatu ba, kuma har yanzu ana jin raɗaɗin wannan gaggawa.

A 'yan shekarun nan kuma wani sabon abu ya faru, wato garin ya fi makarantunsa saurin tafiya. Kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 2019, da aza harsashin jami'ar sufuri a ƙarshen shekarar ta 2019, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi wanda aka tsara zai ratsa ta Daura, sun jawo ma'aikata da 'yan kasuwa, sun kuma ɗaga darajar ƙasa, har gonakin da jiya ake noma gero da wake a cikinsu yau an yanka su fuloti-fuloti. Saurayin da ya taso a babban gida cikin gari, ɗakuna suka yi wa zuriya kaɗan, shi ne yake fita bayan gari neman fili, kuma a nan ne yake haɗuwa da dillali, wanda zai nuna masa turaku huɗu a tsakiyar gona ya ce, "Alhaji, wurin nan shekara biyu ba za ka gane shi ba, kowa nan ya nufo." Idan ya tambaya, "To Malam, makaranta fa?" amsar da ya fi yawan ji ita ce, "Ai an ware mata wuri, tana tafe in Allah ya so." Ba na cewa dillalin ƙarya yake yi, domin sau da yawa an ware ɗin, amma tsakanin ware wuri da ranar da malami zai tsaya gaban allo da alli a hannu, yaron da ke goye yana iya kai shekarun sakandare.

A nan ne ya kamata a zauna a yi lissafi na gaskiya, irin wanda 'yan kasuwa suke yi wa haja. Shekarar karatu zango uku ce, kwanakinta sun kusa 190, firamare kuma shekara shida ce, wato ɗa guda zai yi zuwa da dawowa fiye da kwana 1,000, kuma gidan Bahaushe ba kasafai yake tsayawa a ɗa guda ba. Kafin na fari ya gama na uku ya shiga, ta yadda magidanci yana iya shafe shekara ashirin bai rabu da kai yara firamare ba. Idan kowace rana daga cikin waɗannan sai an biya ɗan acaba ko mai Keke Napep, ko an kunna babur sau biyu, to a tara kuɗin a ɗora a kan farashin filin, sa'an nan a sake duba ko har yanzu shi ne mai araha. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, farashinsa ya ninninka, kuma gidaje da yawa sun ga yadda yaro yake fara fashin Litinin da Talata don babu kuɗin mota, daga nan fashin ya zama ɗabi'a, daga ƙarshe a ce ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take, hanya ce ta gagare shi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a sha'anin fili na ga gaskiyar wannan magana fiye da ko'ina.

'Ya mace kuwa ita nisa ya fi cutarwa. Uban da zai bar ɗansa namiji ya yi tafiyar rabin awa shi kaɗai, da wuya ya bar 'yarsa idan ta fara tasawa, kuma ba a ga laifinsa ba. Amma sakamakon shi ne a cire ta a aji huɗu ko biyar a ɗora mata tallan goro ko na fura, wanda tafiyarsa ta fi ta makarantar nisa da haɗari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da suke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tsara yadda jajjai, wato malamai mata, za su riƙa kai karatu har cikin ƙauyuka ga matan da ba za su iya zuwa ba. Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce an fahimci cewa idan ilimi ya yi wa mace nisa, kusantar da shi ake yi. Mai sayen gida ba shi da ikon matso da makaranta, amma yana da ikon matsar da gidansa, kuma wannan dama sau ɗaya take zuwa wa yawancin mutane a rayuwa.

Sa'an nan kada a manta cewa yaron Daura ba makaranta ɗaya yake zuwa ba. Akwai ta boko da safe, akwai Islamiyya da yamma ko Asabar da Lahadi, akwai kuma ta allo da asuba ko bayan magariba, inda zai fara da babbaƙu da farfaru har Allah ya nufe shi da sauka. Tsofaffin unguwannin cikin gari, duk da cunkosonsu da ƙarancin filin wasa da matsalar magudanan ruwa, suna da wata dukiya da sababbin unguwanni ba su tara ba tukuna, wato zaurukan malamai waɗanda aka gaji karantarwa a cikinsu kaka da kakanni, inda alaramma ya karantar da uban yaro, ya san halin gidansu, kuma idan yaron bai zo ba kwana biyu zai aika a tambayo lafiya. Wanda zai bar wannan ya koma bayan gari yana da hujjojinsa, na iska da fili da sirrin iyali, amma ya kamata ya san abin da ya bari, ya kuma tambaya tun da wuri wane ne yake karantar da Alƙur'ani a inda za shi, a wurin wa ya yi karatu, kuma yaya hannunsa yake da bulala, domin tun ƙarni na 14 Ibn Haldun ya yi gargaɗi a Muƙaddimarsa cewa tsanantawa ga ƙananan ɗalibai tana karya musu himma, tana koya musu ƙarya da munafunci.

Idan an zo kwatanta firamare biyu, ta nan da ta can, fenti shi ne abu na ƙarshe da za a duba, ko da yake shi ido yake fara gani. Hanya mafi inganci ita ce mutum ya je da kansa ranar aiki, ba tare da ya sanar ba, wajen ƙarfe tara na safe, ya yi sallama a ofishin hedimasta cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, ina niyyar zama maƙwabcinku ne, na zo in ga inda yarana za su zauna." Ba hedimastan kirki da zai ƙi wannan, wanda ya ƙi kuwa ya riga ya ba da amsa. Sai ya leƙa aji ɗaya da aji biyu, domin a nan ne tushe yake, ya ƙirga kawuna. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, kuma duk wanda ya san makarantunmu ya san akan ninka wannan, amma akwai bambanci tsakanin ajin da malama take iya kiran kowane yaro da sunansa da wanda na baya ba sa ko jin muryarta. Ya dubi ko akwai ruwan sha, da ban-ɗaki na mata daban, da katanga. Ya koma wata rana wajen ƙarfe goma sha biyu ya ga malamai nawa suka rage. Mafi muhimmanci, ya samu yaro ɗan aji huɗu a unguwar, ba wanda aka zaɓo masa ba, ya ba shi ɗan rubutun Hausa mai sauƙi ya karanta. Idan ya karanta ya kuma faɗi abin da ya fahimta, makarantar tana aiki ko da a ƙasa yara suke zaune, idan kuwa ya kasa, to kujeru da tuta ba su amfana masa komai ba. Wannan gwaji ya shafi makarantun kuɗi kamar yadda ya shafi na gwamnati, domin da yawansu gidan haya ne mai ɗaki huɗu da suna mai daɗin ji, malamansu kuma ba sa daɗewa saboda ƙarancin albashi, kuma makarantar da ke haya tana iya tashi a bar ka da gidan da ka saya saboda ita.

Akwai wani abu kuma da ya fi gini da malami wuyar aunawa, shi ne su wane ne iyayen sauran yaran. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma yaro abokansa na hanya sun fi malaminsa yawan magana da shi. Ba ina nufin a nemi unguwar masu kuɗi ba, domin na ga unguwar talakawa inda kwamitin iyaye da masu unguwa yake zama kowane zango, ake karo-karo a gyara rufin da iska ta yaye, ake zuwa ofishin ilimi a yi ta naci har a turo malamin lissafi. Na kuma ga unguwa mai dogayen katangu inda firamaren gwamnati ta zama kufai saboda duk mai faɗa-a-ji ya kwashe 'ya'yansa ya kai wani wuri. Tambayar da take bayyana wannan ita ce a ce wa mai unguwa, "Allah ya ja zamaninka, naka jikokin wace makaranta suke zuwa?" A ƙauyukan Sandamu da Zango da Ɓaure, inda sau da yawa firamare ɗaya ce babu zaɓi, tambayar takan koma a kan ƙaramar sakandare, ko akwai ta jeka-ka-dawo kusa, musamman tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a watan Disamba na 2020, abin da ya sa iyaye a duk faɗin jihar suka ƙara ɗari-ɗari da makarantun kwana.

Wanda duk da haka ya yi shawara, ya yi istihara, zuciyarsa ta kwanta a kan sabuwar unguwa, to akwai aikin da ya hau kansa tun ranar da aka ba shi takarda. Ya nemi a nuna masa taswirar awon, ya ga inda aka rubuta makaranta, ya je ya tsaya a wurin ya tabbata turakunsa suna nan. Filin makaranta a sabuwar unguwa ba shi da mai kwana a cikinsa, shi ya sa idan ƙasa ta yi tsada shi ake fara gutsura, yau a yanki kusurwa a ce shago ne, gobe a ce an sake awo. Magidanta biyar ko goma na farko da suka tare su ne kaɗai za su iya hana wannan, idan suka haɗa kai suka kai wa dagaci da hakimi da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma takarda ɗaya mai sa hannunsu, suka dasa bedi a kewayen filin, suka kafa ko da rumfa ce a fara Islamiyya a ciki, domin hukuma ta fi saurin turo malami inda ta tarar da yara sun riga sun taru, kuma mai son cin fili yakan ja da baya daga wurin da ake karatu kullum.